DARASIN TARBIYYA: IDAN YARO YA CI TSERE, YAYA GIDA ZAI YI MURNA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mutum, Ya daidaita gaɓoɓinsa, Ya ba shi ƙafar tafiya da numfashin gudu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗalibi, wanga darasi rabinsa naka ne, rabinsa na mutanen gidanku. In ka karanta shi a aji, ka tafi da shi gida ka karanta wa mahaifinka da mahaifiyarka bayan sallar isha'i. Wanda bai saba da boko ba, ka buɗe masa ɓangaren ajami ya duba da kansa.

Dalilin kawo darasin shi ne wannan. Yawancinku da safe kuna makarantar boko, da marece kuna nan Islamiyya. Kowace shekara makarantun boko suna shirya gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai, wadda kuke kira inta-hawus. Bayan an gama, sai mu ga abubuwa iri biyu a cikin aji. Wani yaro ya shigo yana tafe yana ɗaga kafaɗa, ba ya ko amsa sallamar abokinsa. Wani kuma ya zauna can baya, kansa a ƙasa, domin abin da aka gaya masa a gida ya fi faɗuwar da ya yi a fili ciwo. Duka biyun daga gida suka ɗauko halin. Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna da ku da iyayenku mu duba abin da addininmu ya ce a kan tsere, da cin nasara, da murnar da iyali suke yi da ɗiyansu.

1. RANAR GASA

Kowa ya san yadda ranar take, ko a nan Sanyinna, ko a Tambuwal, Dogon Daji, Jabo, ko ƙasar Kebbe. Tun da jijjifi an share fili, an ja layuka da toka ko farar ƙasa, an kafa rumfa domin hakimi da manyan baƙi. An raba ɗalibai gida-gida, wannan ja, wancan kore, wancan shuɗi. Masu ƙosai da masu rake sun kewaye filin. Iyaye maza suna gefe ɗaya, mata suna gefe ɗaya, kowa idonsa na kan nasa.

Wasannin kashi biyu ne. Akwai na guje-guje: mita 100, mita 200, mita 400 wanda shi ne zagaye ɗaya na cikakken fili, sai mita 800 da mita 1500 masu son dogon numfashi, sai tseren miƙa sanda, inda yara huɗu suke gudu bi da bi, kowa ya miƙa wa na gabansa. Akwai kuma na tsalle-tsalle da jifa: dogon tsalle, tsallen sama, jifan mashi, jifan faifai da jifan dalma. Dalmar da manyan maza suke jefawa a gasar duniya nauyinta kilo 7.26 ne, ta mata kilo 4, amma ta yara ba ta kai haka ba. Kowane wasa da dokarsa. Mai dogon tsalle in ƙafarsa ta ƙetare katakon tashi, an soke wannan tsallen ko da ya fi na kowa nisa. Masu miƙa sanda in suka miƙa ta a wajen iyakar da aka shata, an fitar da su gaba ɗaya.

Kada ka raina filin toka. Wanda ya yi fice a makaranta shi ake ɗauka ya wakilci ƙaramar hukuma, daga nan sai filin wasa na Giginya a Sakkwato, daga nan sai gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973. Kada kuma ka ce ba ka da takalmi. Abebe Bikila, mutumin Habasha, ba takalmi ya yi gudun famfalaki na sama da kilomita 42 a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, kuma shi ya zo na ɗaya. Mu ma nan gudu da tsalle ba baƙin abubuwa ba ne gare mu. Yaron da ya tashi yana langa a dandali, yana kokawa bayan kaka, yana bin awaki a fadama, ya riga ya fara horo tun kafin ya ga malamin wasanni.

2. TSERE A ZAMANIN ANNABI (S.A.W)

Wasu iyaye suna tambaya: shin Malam, wannan guje-guje ba ɓata lokaci ba ne? Amsa tana cikin littattafan hadisi.

Na farko, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W) ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha (R.A) a cikin wata tafiya. A lokacin tana yarinya marar nauyin jiki, sai ta tsere masa. Bayan wani zamani, ta yi jiki, suka sake yin tseren, shi kuma ya tsere mata, ya nuna mata cewa wannan ramuwar waccan ce. A ruwayar Imamu Ahmad an ƙara da cewa kafin su fara sai da ya umarci mutane su yi gaba. Ka lura da abubuwa biyu a nan. Shugaban halitta an tsere masa bai yi fushi ba. Sannan mace ta yi gudu, amma an tsare mata mutuncinta daga idon jama'a.

Na biyu, Muslim ya ruwaito labarin Salamatu ɗan Akwa'u (R.A), sahabin da ya shahara da gudu. Suna komowa Madina daga yaƙin Zu Ƙarad, sai wani mutumin Madina da ba a taɓa tsere masa ba ya yi ta kira, yana neman wanda zai yi tsere da shi zuwa gari. Salamatu bai yi tsalle ya sauka haka nan ba, sai da ya nemi izinin Annabi (S.A.W), aka ba shi. Da suka fara, bai zuba duk ƙarfinsa ba. Ya bar mutumin a gaba tudu ɗaya ko biyu yana tattalin numfashinsa, sannan ya ɗaga ƙafa ya cim masa, ya riga shi isa Madina. Mai gudun mita 1500, wannan darasinka ne tun kafin a haifi malamin wasanninku.

Na uku, Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (R.A) cewa Annabi (S.A.W) ya shirya sukuwar dawaki kashi biyu. Dawakin da aka horar suka tashi daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, tazara mai nisa. Waɗanda ba a horar ba aka ba su gajeriyar tazara, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Wato kowa da ajinsa, ba a haɗa babba da ƙarami. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ma ba su bar maganar ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu akwai fasali a kan tsere. An halatta a sa lada a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, sauran kuwa, kamar tseren ƙafa, an halatta su ba tare da an aza kuɗi ba. Kyautar da makaranta ko wani mai hali ya bayar daga aljihunsa domin ƙarfafa wa yara gwiwa, malamai da yawa sun ɗauke ta kyauta ce. Amma 'yan kallo su aza kuɗi a kan wane zai ci, wannan caca ce, haramun ce, ko da naira goma ce.

To, ka ga gudu ba laifi ba ne. Muslim ya ruwaito cewa mumini mai ƙarfi ya fi mumini mai rauni alheri da soyuwa a wurin Allah, ko da yake kowannensu yana da nasa alherin. Jiki amana ne, kuma mai lafiya shi ke iya tsayuwar dare, da azumi, da noma, da ɗawainiyar iyaye.

3. WANI GIDA DA MARECE

Yanzu mu bar fili mu shiga gida. Ga misali, irin wanda kowannenmu ya taɓa gani ko ya ji. Ba za mu ambaci suna ba, domin abin ba na gida ɗaya ba ne.

Wa da ƙane suna makaranta ɗaya. Ƙanen ya zo na ɗaya a mita 100 na ƙananan yara, an ba shi kofi da dozin ɗin littattafan rubutu. Wan shi ne na ƙarshe a tseren miƙa sanda, gidansu yana gaba, sai sandar ta kuɓuce masa ta faɗi. Kafin ya ɗauka an wuce shi.

Da marece aka shigo da kofi. Uwa ta rangaɗa guɗa, ƙanne suka yi ta tsalle, maƙwabta suka leƙo suna barka. Uban ya ɗaga yaron sama, ya ce gobe sai an yanka masa zakara. Har zuwa nan babu abin zargi.

Sai uban ya waiga ya ga babban a bakin zaure, ya ce, "Kai kuwa mi kay yi? Ko sanda ba ka iya riƙewa. Ƙanenka ya fi ka."

Bayan magariba ya ɗauki kofin ya fita majalisa, ya aza shi a tsakiyar tabarma, ya ce, "Jinin gidanmu ke nan. Ɗiyan wasu ko ƙurarsa ba su gani ba." Alhali maƙwabcinsa, wanda ɗansa ya zo na ƙarshe, yana zaune a wurin. Mutumin bai ce komai ba, ya jawo takalmansa ya tafi.

Da uban ya komo gida, sai ya tarar tsohuwarsa tana jiransa. Ta ce, "Zamna nan. Ɗiya biyu kat tura makaranta da sahe, guda ɗai na ga ka karɓa da marece. Ɗayan yana ɗaki, ko tuwo bai ci ba."

Ya ce, "Inna, ai don ya ƙara himma ne."

Ta ce, "Himma ba ta tsira inda anka zuba wulaƙanci. Ranar da kab bar jakin babanka ya ɓace a kasuwa, haka anka yi maka?"

Ya yi shiru.

Ya kai mai karatu, duba abin da aka samu da abin da aka rasa a wannan dare. An samu kofi guda. An ɓata zuciyar ɗa, an sa wa ƙane ganin ya fi wansa, an raunana haƙƙin maƙwabtaka. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda da irin wannan ciniki?

4. INA IYAKAR MURNA?

Farin cikin da uba ko uwa suke ji idan ɗansu ya yi abin kirki, Allah ne Ya dasa shi a zuciya. Babu wanda zai ce a danne shi. Yabon gwani ya zama dole, kuma yaron da aka yaba masa a gida ba ya zuwa neman yabo a wurin abokan banza. A ƙarshen Suratud Duha ma an umarce mu da mu ba da labarin ni'imar Ubangiji. Saboda haka ka gaya wa kawu da gwaggo cewa yaro ya ci tsere, ka rataye takardar shaidarsa a bango, duk wannan daidai ne.

Inda matsalar take, Annabi (S.A.W) ya bayyana mana shi. Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A) cewa da Annabi ya yi gargaɗi mai tsanani a kan girman kai, sai wani mutum ya ce ai mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau. Annabi ya nuna masa cewa wannan ba shi ne girman kai ba. Girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. To, wannan shi ne ma'auninmu. Uban da muka ba da labarinsa bai yi laifi ba da ya ɗaga ɗansa sama. Ya fara laifi ne lokacin da ya taka wasu domin ɗan nasa ya ƙara tsawo.

Sannan akwai maganar "jinin gidanmu". Wa ya ba yaron ƙafafun? Wa ya tsare shi daga shan inna yana jariri, alhali ga sa'o'insa nan suna jan jiki? A cikin Suratul Kahfi an ba mu labarin mai gonaki biyu, wanda ya shiga gonarsa yana yi wa abokinsa gorin dukiya da yawan jama'a. Abokin ya tunatar da shi cewa kamata ya yi ya mayar da abin ga nufin Allah da ƙarfinSa. Bai ji ba, aka wayi gari gonar ta zama kufai. Shi ya sa Musulmi in ya ga abin sha'awa a wurin ɗansa yake cewa Masha Allahu, yana tuna wa kansa Mai abin.

Sai maganar wa da ƙane, wadda ita ce mafi haɗari. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir (R.A) ya yi masa wata kyauta shi kaɗai, ya je neman Annabi (S.A.W) ya zama shaida. Annabi ya tambaye shi ko ya yi wa sauran ɗiyansa irinta. Ya ce a'a. Annabi ya ƙi yin shaidar, ya umarce shi da tsoron Allah da adalci a tsakanin ɗiyansa, mutumin ya koma ya janye kyautar. Malamai sun yi dogon bayani a kan hukuncin kyauta, amma abin da ya shafe mu a nan a fili yake: kofi na wanda ya ci ne, sakin fuska da daɗin baki kuwa na dukan ɗiya ne. In za a yanka zakara, a ci shi a kwano ɗaya.

Ku tuna kuma da Suratu Yusuf. 'Yan'uwansa sun jefa shi rijiya ne saboda zaton da suka yi cewa mahaifinsu ya fi son sa. Da suka komo da dare suna kuka, uzurin da suka kawo shi ne wai sun tafi tsere suka bar shi wurin kaya. In har hassada ta iya shiga gidan Annabi Yaƙubu (A.S), wanda bai zalunci kowa ba, ina ga gidan da uba yake cewa da bakinsa, "Ƙanenka ya fi ka"?

5. GABA DA GABANTA

Annabi (S.A.W) yana da taguwa mai suna Adba'u, wadda ba a tsere mata. Anas (R.A) ya ba da labari, kamar yadda Buhari ya ruwaito, cewa wata rana wani Balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan matashin raƙuminsa, aka yi tsere, ya wuce ta. Abin ya yi wa Musulmi nauyi ƙwarai. Da Annabi ya ga haka a fuskokinsu, sai ya sanar da su cewa ƙa'ida ce ta Allah, babu wani abin duniya da zai ɗaukaka face wata rana Ya sauko da shi. Bai ce an yi maguɗi ba, bai ce a sake ba, bai tsawata wa mai raƙumin ba.

A zamaninmu ma mun ga haka. Usain Bolt, mutumin Jamaika, ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Balin na Jamus a 2009. Duniya ta yi ta mamaki. Amma a gasarsa ta ƙarshe a Landan a 2017, na uku ya zo a mita 100, a tseren miƙa sanda kuma jijiyar cinyarsa ta riƙe, ya faɗi a kan fili bai kai ƙarshe ba.

Ya kai wanda ya ci bana, baɗi akwai wani yaro daga ƙauye wanda ba ka san shi ba, yana tafe. Ya ku iyaye, in kun gina darajar ɗanku a kan kofi kawai, ranar da aka tsere masa da wane ido zai shigo gida? Ku nuna masa tun yau cewa ko ya ci ko bai ci ba, wurin zamansa a tabarmarku yana nan.

6. KOFIN DA BA A YIN MURNA DA SHI

Akwai wata cuta da ta daɗe a wasannin makarantu a ƙasar nan, kuma son a ce "namu ne ya ci" ke haifar da ita. Ana rage wa yaro shekaru, ɗan shekara 17 ya shiga tseren 'yan shekara 13. Ana ɗauko wanda ba ɗalibi ba ne, a sa masa rigar makaranta ya yi gudu da sunan wani, abin da ake kira sojan haya. Wani lokaci ma uba ne da kansa yake zuwa ya rantse a kan shekarun ƙarya. Mun ga a sama yadda Annabi (S.A.W) ya raba dawaki aji-aji. Kuma kun san hadisin mai sayar da hatsi, wanda ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya aza busasshe a sama, Annabi ya barranta daga mai algus. Wanda ya ci tsere da shekarun ƙarya ya ƙwace haƙƙin yaron da ya zo na biyu, kuma haƙƙi ba ya ruɓewa.

Ga misali daga tarihin ƙasarmu. A gasar Olamfik ta birnin Sidni na Ostireliya a shekarar 2000, 'yan Nijeriya huɗu, Clement Chukwu, Jude Monye, Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong, sun zo na biyu a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu. Amurka ce ta zo ta ɗaya. A 2008 ɗaya daga cikin 'yan Amurkan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa ya yi amfani da magungunan ƙara kuzari da aka haramta, aka karɓe lambar zinaren daga hannunsu. A 2012 aka tabbatar wa Nijeriya ita. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma ka duba ɓarnar da algus ya yi: Sunday Bada ya rasu a watan Disamba na 2011, 'yan watanni kafin a yanke hukuncin. Shekara goma sha ɗaya ya yi ana kiransa na biyu alhali shi ne na ɗaya.

Yaron da aka ƙwace wa kofi a filin toka, babu kwamitin da zai zauna ya mayar masa da shi a duniya. Sai dai a gaban Allah.

7. ABIN DA MUKE SO A YI

Ya kai ɗalibi: in ka ci, ka ce Alhamdu lillahi, sannan ka juya ka ba wanda ka tsere wa hannu. Kada ka yi masa gwalo, kada ka bari abokanka su yi masa waƙar zambo. In an tsere maka, ka yi wa wanda ya ci barka, ka tambayi malamin wasanni inda ka yi kuskure. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ka fara horo tun da wuri, da sanyin safiya ko bayan la'asar, ka sha ruwa sosai, musamman a bazara da zafin ƙasarmu yake wuce digiri 40. Kada ka sha wata ƙwaya da wani zai ba ka wai don ka ƙara gudu. Ka sa wandon da ya rufe gwiwa. In lokacin azahar ko la'asar ya yi kuna fili, ka nemi ruwa ka yi alwala ka yi sallarka. Horo kuma kada ya cinye maka hadda.

Ke ɗaliba: kin ji labarin Nana A'isha (R.A). Ki yi gudunki tare da 'yan'uwanki mata, cikin sutura. Ruƙayya Al-Gasra ta ƙasar Baharain da lulluɓinta ta ci zinare a mita 200 a gasar ƙasashen Asiya da aka yi a Doha a 2006. Sutura ba ta rage mata gudu ba.

Ya ku iyaye: ku je filin in kuna da hali, domin ganin fuskarku kaɗai yana ƙara wa yaro ƙarfi. In an komo gida, ku fara da wanda bai ci ba, ku ce masa sannu da ƙoƙari. Ku yi murna da 'ya mace kamar yadda kuke yi da ɗa namiji. Kada ku kwatanta wani da wani. Kowane yaro da inda Allah Ya aje rabonsa: wannan gudu, wancan lissafi, wancan daɗin ƙira'a, wancan kuma haƙuri da biyayya, waɗanda ba a ba su kofi a kowane fili. Sannan ku tambayi kanku: ranar da yaron nan ya kai izu goma, ko ya haddace Arba'una Hadisi, mun yi masa rabin murnar da muka yi yau? Yara suna kallon abin da ke faranta muku rai, kuma shi suke bi.

A cikin Suratul Hadid, aya ta 20, Allah Ya siffanta rayuwar duniya da wasa da ado da alfahari da gasar yawan dukiya da ɗiya, Ya kwatanta ta da shukar da ta yi kore sannan ta bushe. A aya ta 21 sai Ya kira mu zuwa ga wani tseren, na neman gafararSa da Aljanna. A wannan tseren gurgu yana iya wuce mai ƙafa, tsohuwa tana iya wuce saurayi, kuma wani ya ci ba ya hana wani ci.

TAMBAYOYI

1. Wane sahabi ne ya yi tsere da mutumin Madina a kan hanyar komowa daga Zu Ƙarad? Wace dabara ya yi?
2. Me ya sa Annabi (S.A.W) ya raba dawakin sukuwa kashi biyu? Yaya wannan ya shafi rage shekaru?
3. Kawo ma'anar girman kai kamar yadda ta zo a hadisin Ibn Mas'ud (R.A).
4. A labarin gidan da muka kawo, nuna abu biyu da uban ya yi daidai, da abu biyu da ya yi kuskure.
5. Me ya faru da taguwar Annabi (S.A.W), kuma wane darasi ya koya wa sahabbai?

AIKIN GIDA

Ka tambayi mahaifinka ko kakanka wane wasa suka yi suna yara, langa ko kokawa ko sukuwa, da abin da iyayensu suka ce musu ranar da aka kayar da su. Ka rubuta amsar cikin layi goma, da boko ko da ajami, ka kawo wa malamin ajinku ranar Asabar.

Allah Ya raya mana zuri'armu a kan Musulunci, Ya ba su lafiyar jiki da tsarkin zuciya, Ya haɗa kansu, Ya sanya su sanyin idon iyayensu duniya da lahira. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.